Awarwaron Madam Lan

Gidan farko da na zauna a Greensboro yana bayan wani filin sayar da tsofaffin motoci ne a Gate City Boulevard, hawa na biyu. Na ƙawar gwaggona ne, wadda nake kira Anti Bilki. Ita ta yi min hanya daga Kano bayan na gama sakandare, a kan zan riƙa kama mata renon yara ina zuwa kwaleji. Renon dai na yi shi. Kwalejin kuwa ta tagar mota kawai na taɓa ganinta. Duk lokacin da na ta da maganar sai ta ce, "Sadiya, nan Amurka ce, komai da tsari. Bari wannan zangon ya wuce." Zango ya wuce, wani ya bi bayansa, har izinin zamana ya ƙare ban sani ba. Ita ta sanar da ni da bakinta, muna cikin faɗa a kan wankin da na manta a inji. Ta ce ƙofa a buɗe take, in fita ta ga inda mara takarda zai kwana. Tun daga ranar, in na ji jiniya, ko ta motar asibiti ce, sai in ɗauka ni aka zo kamawa.

Wadda ta fitar da ni daga gidan ita ce Anti Memuna, mai shagon kayan miya a kan titin namu. 'Yar zangon Kumasi ce, doguwa mai kaurin murya, Hausarta irin tasu ce wadda mace ma "ya zo" ake ce mata. Ina zuwa sayen kuka da daddawa, ashe ita idona take lura da shi. Wata rana tana ɗaure min kaya ta ce, "Ke yarinya, kullum idonki ja. Albasa kike yankawa, ko ke ake yankawa?" Na yi niyyar dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Ba ta rarrashe ni ba. Ta tura min kujera da ƙafa, ta ci gaba da sallamar masu ciniki har na gama. A makon na kwaso jakata na koma ɗakin 'yarta. Ita ce kuma ta samo min aiki, ta hannun wata nas mai sayen manja a wurinta: kula da wata tsohuwa a Irving Park, kwana da tashi a gidan.

Irving Park unguwa ce ta manyan gidaje da manyan bishiyoyi, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai wanda ya fito da kare. Maigidan Dakta Min ne, likitan haƙori, mutum mai sanyin magana da ba ya haɗa ido da kowa. Matarsa Linda ita ke da bakin gidan. Tsohuwar mahaifiyarsa ce, Madam Lan. Daga Biyetnam suka zo tun yana yaro. Ciwon mantuwa ya kama ta, ya fara cinye Turancin da ta koya da girma, ya bar ta da yaren garinsu, wanda ɗan nata ma rabi yake ji. Wani lokaci ta san shi, wani lokaci ta kalle shi kamar mai gyaran famfo.

A hannunta na hagu akwai wani awarwaro na dutse, kore kamar ɗanyen ganyen zogale, da wani fari-fari yana yawo a cikinsa kamar girgije. Ba shi da mahaɗi, zagaye ɗaya ne. Ranar da na fara aiki Dakta Min ya nuna min shi ya ce, "Wannan jed ne. Mahaifiyarta ce ta sa mata tun tana budurwa, hannun ya girma a cikinsa, bai taɓa fita ba. A wurinsu shi ke tsare mutum. In masifa ta taho, shi yake fashewa a madadinsa. Ki yi mata wanka da shi, ki kwantar da ita da shi. Kada ki yi ƙoƙarin cirewa." Na ce to. A raina na ce kowa da layarsa.

Sanyi ya shigo, injin ɗumama gida ya busar mata da fata. Tana susa har jini. Mayukan da Linda ke sayowa masu ƙamshin furanni ba abin da suke yi, ka shafa yanzu, an jima fatar ta koma kamar bayan kada. Ni kuwa a hannun kakata na tashi, a Bichi, kuma tun ina ƙarama aikina ne in shafe ta da man kaɗanya bayan wankan safe, tun daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa. Ban san wata hanyar kula da tsoho ba. Na gaya wa Anti Memuna, ta yanko min wani curi daga wanda ake kawo mata daga gida. "Nkuto ne na gaskiya," in ji ta, don haka suke kiran man a Kumasi, "ba wanda aka wanke wa rai aka sa a kwalba ba. Ki murza a tafinki ya narke tukuna."

Haka na yi. Kullum bayan wanka in zaunar da ita a bakin gado, in narkar da man a tafina, in bi gaɓoɓinta. In na zo hannun hagu sai in tura awarwaron sama in shafe ƙarƙashinsa, in dawo da shi in shafe inda ya tashi. Man yana taɓa shi, ba makawa. Ni har daɗi nake ji, don sai ya ƙara sheƙi, koren ya ƙara duhu kamar an yi masa ruwa. Susa ta tsaya. Linda ta yi ƙorafin wari sau ɗaya, da ta ga fatar ta warke ta yi shiru.

Ba mu da yare ɗaya, ni da Madam Lan, amma ban taɓa samun abokin hira irinta a ƙasar nan ba. Tana ba ni labari da yarenta, ina ba ta amsa da Hausa, kowa ya gyaɗa kai inda ya dace. "Sa-di" take kirana. In tana nemana sai ta ƙwanƙwasa awarwaron a jikin kofin shayinta, ƙil, ƙil, ko ina kicin sai na ji. In ɗankwalina ya zame ita ke ja min shi gaba. Ni kuma Kaka nake ce mata, ta karɓi sunan ba gardama.

Da azumi ya zo ta lura ba na cin abinci da rana. Ta sa a ranta cewa mutanen gidan ne ke hana ni. Ta daina yi wa Linda magana. Wata rana ina gyara mata gado na ɗaga filo, sai ga lemon zaƙi a ɓare, da dunƙulen shinkafa a cikin tishu, da rabin ayaba ta yi baƙi. Ta kama hannuna ta danƙa min, ta sa yatsa a leɓe, tana kallon ƙofa. Na shiga bayi na yi kuka mai isata. Tun da na sauka a ƙasar nan ba wanda ya damu da ko na ci sai matar da ba ta san sunan ɗanta ba.

Bayan sallah jikinta ya fara kumburi. Ƙafafu suka fara, sannan hannaye. Wata safiya na ga awarwaron ya nutse a cikin nama, yatsun sun yi shuɗi-shuɗi. Na kira Dakta Min. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ce zuciya ce, asibiti za a tafi yanzu, kuma can ba za su tsaya lallashi ba, yanke dutsen za su yi. In ana so ya tsira, a cire shi kafin a fita.

Dakta Min ya gwada da sabulu. Ta cije shi. Linda ta gwada, ta tofa mata miyau. Sai duk suka juyo suna kallona.

"Ke kaɗai take ba wa hannu," in ji Dakta Min. "Don Allah, Sadiya."

Duk yarinyar da ta taɓa sa ƙarau na sallah ya matse ta ta san dabarar. Ka sa wa hannun leda kamar safa, ka shafe ledar da mai, ka matse babban yatsa cikin tafi, ka ja a hankali kana juyawa. Na ce su fita. Na ɗauko gwangwanin man na zauna inda na saba zama. Tana ganina ta yi ajiyar zuciya, ta miƙo min hannun da kanta. Ta ɗauka shafar safe ce. Na ɗaga hannun sama na ɗan jima don kumburin ya sauka, ina murzawa, ina yi mata surutun da na saba. Da na sa ledar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Na juya, na ja. Ya tsaya a kan ƙashi. Na ƙara mai, na rufe ido, na ja da ƙarfi.

Ya fita.

Inda ya tashi fari ne fat, siriri, kamar hannun jariri. Ta kalli wurin, ta kalli abin da ke hannuna, ta kalle ni. Ba ta yi ihu nan take ba. Wani sauti ta yi ƙasa-ƙasa, irin na akuyar da ta gane inda ake kai ta. Masu motar asibiti suka shigo suka ɗauke ta, idonta a kaina har aka fita da ita. Dakta Min yana saka takalmi ya waiwayo ya ce, "Riƙe min shi, zan karɓa in na dawo."

Ya kwana biyu a wurina, don hankalin kowa yana asibiti. Na naɗe shi a sabon ɗankwalina na sa a ƙasan jaka. Na roƙa a kai ni in gan ta, aka ce sai ta ɗan farfaɗo. Ranar da Linda ta ce in kawo shi, na warware na ga ya dushe, ya yi kamar mara lafiya shi ma. Sai na yi masa abin da ake yi wa akushi in ya bushe: na lakato mai na murza shi sosai, na goge da gefen zani har ya dawo da sheƙi, sannan na miƙa mata da hannu biyu.

Ina wanke tukunya da yamma, kwanaki kaɗan bayan haka, suka kira ni teburin cin abinci. Awarwaron yana tsakiya a kan farin ƙyalle. Linda ce ta yi magana. Ta ce ta kai shi wurin wani mai shagon zinare don a yi masa inshora. Mutumin ya haska shi da wata fitila mai shunin haske, ya ga yana ƙyalli ta cikin tsagoginsa, ya ɗora shi a na'urarsa, na'urar ta nuna akwai abin da ba dutse ba a cikinsa. Ya ce irin wanda ake jiƙawa a ruwan asid ne a wanke masa datti, sannan a ɗura masa gam a cike ramukan. Na kasuwa ne, bai kai komai ba. Na Madam Lan kuwa an taɓa gwada shi shekarun baya yana hannunta, aka ce tsantsa ne, ba a taɓa shi da komai ba.

"Ko launinsa ba ɗaya ba ne," in ji ta. "Wannan ya fi duhu. Wa kika ba wa na gaskiyar?"

Turancina ya gudu. Na buɗe baki, Hausa ce kawai ke zuwa. Na ce wallahi, na sake cewa wallahi, kalmar da ba wanda ya sani a ɗakin. Dakta Min yana kallon ƙyallen. Linda ta ce tana ba ni zuwa ƙarshen mako, in dawo da shi ko ta kira 'yan sanda, kuma ta san abin da 'yan sanda za su fara tambayata. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina har na gama haɗa kaya, ta zazzage jakar a kan gado ta duba.

Na koma wurin Anti Memuna. Tsoron kamu yana nan, ba zan ɓoye ba. Na ga kaina a jirgi da ankwa, na ga kakata tana jin cewa sata aka kama ni da ita. Amma abin da ya hana ni cin abinci daban ne. Kallon nan ne na ƙarshe da Kaka ta yi min. Ina so in je in zauna a bakin gadonta, in kama hannun, ta san cewa ba cutarta na yi ba. Kuma muddin sunan ɓarauniya yana kaina, ba mai barina in taka ƙofar asibitin.

Anti Memuna ta saurare ni tana auna garin rogo. Ta ce, "Wannan Linda, inji ne ya gaya mishi, ko? To ai inji ba ɗaya ba ne a garin nan." Ta ɗauki waya ta kira wani Malam Auwal, Bazazzagi, wanda ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, yana kula da na'urorin da ke tantance ma'adinai. Washegari ta rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta je har wurin aikin Dakta Min. Ban san me ta faɗa masa ba. Ta dawo ta ce ya yarda a sake gwadawa a gaban kowa.

Ɗakin gwaje-gwajen yana ƙarƙashin bene, da sanyi kamar cikin firji. Malam Auwal gajere ne mai furfura a gemu, da farar riga a kan kaftani. Ya gaisa da su Dakta Min da Turanci, sannan ya juyo gare ni.

"Ƙanwata, 'yar ina ce?"

"Bichi, Malam."

"Ashe baiwata ce. To kwantar da hankalinki. Bakano ba ya sata, sai dai ya taya kayanka har ka ba shi kyauta don ka huta."

Anti Memuna ta yi dariya. Ni ban iya ba, amma numfashina ya ɗan dawo.

Ya sa safar hannu ya ɗauki awarwaron. Duk abin da ya faɗa musu da Turanci sai ya maimaita min da Hausa, duk da Linda tana duba agogo. Ya ce duwatsu biyu ne suke amsa sunan jed, ido ba ya raba su. Ɗaya jedait, wanda ake haƙowa a ƙasar Bama, ɗaya nefrait. Bayan su kuma ga 'yan kwaikwayo, gilashi da wasu korayen duwatsu da aka rina. "Amma in ka aika wa dutse haske," in ji shi, "kowanne da yadda yake mayar da shi. Na'urar nan tana zana amsar. Kamar tsagar fuska ce. Mutum zai iya canza riga, ya canza harshe, amma kina ganin tsagarsa kin san gidansu."

Ya sa shi a cikin wani akwati, ya saita wani ɗigon haske a jikinsa, ya rufe. A allon kwamfuta wani layi ya fara tafiya, yana hawa yana sauka, ga wani dogon tsini a tsakiya da ƙanana a gefensa. Ya kira wani layin daga ajiyarsa ya ɗora a kai. Suka hau juna.

"Jedait ne," ya ce. "Ba gilashi ba, ba nefrait ba."

Linda ta ce wannan ba labari ba ne, mai shagon ma bai ce gilashi ba ne. Cewa ya yi an ɗura masa gam.

"Shi za mu duba yanzu."

Na'ura ta biyu da hasken da ido ba ya gani take aiki. Ya ce dutse tsantsa a wani yanki na allon shimfiɗe yake kamar fili, in akwai baƙon abu a cikinsa sai tudu ya taso a wurin. Ya nuna mana wurin da biro tun kafin ya fara. Na zuba wa wurin ido ina karanta duk addu'ar da na sani. Layin ya taho, ya taho, ya iso wurin.

Tudu ya taso. Ba ƙarami ba, mai kai biyu.

Linda ta harɗe hannu. Dakta Min ya sauke numfashi. Anti Memuna ta sa hannu ta riƙe ni a ƙugu. A raina na ce shi ke nan, inji biyu sun yi shaida a kaina, wa zai saurari yarinyar da ko takarda ba ta da ita.

Malam Auwal ya matso da fuskarsa jikin allon, ya faɗaɗa wurin, ya sake faɗaɗawa. Ya kira layin dutsen da aka ɗura wa gam ya ajiye a ƙarƙashi.

"Ku duba nan," ya ce. "Gam yana da wasu 'yan ƙananan tuddai a wannan gefen, kamar 'ya'ya a bayan uwa. Kullum da su yake zuwa. A naku babu su. Akwai baƙon abu a dutsen nan, gaskiya ne. Amma ba gam ba ne. Wannan ya fi kama da kitse." Ya juyo ya dube ni, ya koma Hausa. "Ƙanwata, me kike shafa wa tsohuwar?"

Ban gane dalilin tambayar ba. Na ce, "Man kaɗe ne kawai, Malam."

"Kullum?"

"Kullum bayan wanka. Shi ma na goge shi da shi kafin in ba su, don ya dushe."

Ya rufe ido ya girgiza kai a hankali. "Akwai shi a jakarki?"

Akwai. Ya lakaci ɗan kaɗan da tsinke ya sa wa na'urar. Layin man ya fito, ya ɗora shi a kan tudun awarwaron, kai biyu a kan kai biyu. Daga nan ya jiƙa awarwaron a wani ruwa mai warin asibiti, ya bar shi ya jima, ya busar, ya sake gwadawa. Tudun ya faɗa, saura ɗan kaɗan. Ya ce gam ba ya wankuwa haka, don ya riga ya daskare a ciki. Ragowar kuwa man da ya shige siraran tsagogin dutsen ne, kuma ba aikin kwana biyu ba ne, sai wata da watanni a hannun da ake shafawa. Ya ɗaga shi a hasken fitila. Koren ya koma yadda na fara ganinsa.

Linda ta ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Na ce ban san mai laifi ba ne.

Dakta Min, karo na farko tun da na san shi, ya dube ni cikin ido. Ya ce ya ji kunya, ya ce aikina yana nan, ya ce duk abin da nake so in faɗa. Na ce abu ɗaya ne, a kai ni wurin Kaka.

An riga an sallame ta daga asibiti zuwa wani gidan kula da tsofaffi a hanyar Summerfield, can inda gidaje ke nesa da juna, dawakai suna kiwo a bayan shinge. Anti Memuna ce ta kai ni, muna bin motar Dakta Min. Ta ce za ta jira a waje. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya ya ciro awarwaron ya sa min a hannu. "Ke kika cire," ya ce, "ke za ki mayar mata. Za ta gane." Ya kuma gargaɗe ni cewa ta ƙara nisa, tun da aka kawo ta ba ta san shi ba ko sau ɗaya.

Tana zaune a keken guragu, fuskarta ga taga. Ta rame a fuska, hannayen kuwa suna nan a kumbure. Fatar damtsenta ta koma fari-fari da sawun susa. Dakta Min ya durƙusa ya kira ta, ta dube shi da ladabi irin na baƙo, ta mayar da kai taga.

Na ce, "Kaka."

Ta juyo da sauri. Na ga idonta ya tsaya a kaina, na ga ya waye, kamar an kunna fitila a ɗaki. Raina ya yi fari, na taka zan ƙarasa. Sai ta fizge hannunta na hagu ta cusa a hammata, ta danne da na dama, ta maƙale a jikin keken. Ta fara faɗin wata kalma, tana maimaitawa, muryar tana hawa.

Na durƙusa na buɗe tafina don ta ga na kawo mata. Tana ganinsa a hannuna ta ƙwalla ƙara. Ta wafce shi, farcenta ya yage ni, ta shiga tura shi a kumburarren hannun. Yatsu huɗu suka shiga, ya tsaya. Ta tura, ta tura, har wurin ya yi ja. Da ya ƙi, ta rungume shi a ƙirji da hannu biyu, ta sunkuya a kansa, tana leƙena ta ƙasan ido tana faɗin kalmar nan.

Dakta Min ya kama kafaɗarta yana yi mata bayani da guntun yarensu. Na ji yana haɗawa da Turanci inda ya rasa kalma: na'ura, haske, mai. Yana zana tudu da yatsa a iska. Ita ko kallonsa ba ta yi.

Na ce masa, "Me take cewa?"

"Ba komai. Rikicewa ce."

"Dakta, don Allah."

Ya sunkuyar da kai. Ya faɗa min. Ɓarauniya: kalmar da Linda ma ba ta furta ba a teburin cin abinci.

Wata ma'aikaciya ta shigo ta taɓa ni a hankali, ta ce gara in ɗan fita, jinin tsohuwar yana hawa. Na tashi. Na ajiye gwangwanin man a kan teburin gefen gado, na ce wa matar a narkar a tafi kafin a shafa, a bi har tsakanin yatsu. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa wanda ake so ya tafi. Ina fita kukan ya lafa. Na tsaya a bayan ƙofa in tabbatar. Ya lafa ɗin.

Dakta Min ya biyo ni har waje yana cewa a ba ta lokaci, wataƙila gobe ta manta, ai komai mantawa take yi. Na ce masa ya gaishe da gida.

A mota, Anti Memuna ta kwantar da kujera tana jan carbi. Ta tashi zaune ta buɗe min ƙofa, ta dubi fuskata, ta dubi jinin da ke bayan hannuna.

"Yaya? Tsohuwa bai gane ki ba?"

Na ja bel na ɗaura. Na ce, "Ta gane ni, Anti. Ɗan da ta haifa ba ta gane shi ba. Ni ta gane ni."

Ta riƙe makulli a hannu ba ta ta da motar ba. Muka zauna haka, muna kallon dawakan.